Rasuwar Dakta, Agogon Ba Abatcha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan hannu da ya koma wayam, iyalan Alhaji Abatcha Mai Agogo na unguwar Yerimaram, wanda aka fi sani da Ba Abatcha, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki da ɗaukacin mutanen layin 'yan agogo na kasuwar Potiskum rasuwar agogonsu na zamani, wanda jama'a suka raɗa wa suna Dakta. Ya cika ranar Larabar da ta wuce, jim kaɗan bayan sallar azahar, yana ɗaure a hannun wani, kamar yadda ya yi yawancin rayuwarsa. Ya rasu yana da wata biyar da kwana tara a garin nan. Abin da ya yi kafin nan a ƙasar da aka ƙera shi, Allah ne masani.

Marigayin ya iso ne ta hanyar Kano, a cikin ɗan farin kwali, shi kaɗai, a matsayin samfur. Baƙi ne wuluk, mai faɗin fuska, kuma sai an shafa shi yake buɗe ido. Yana faɗin lokaci, amma wannan shi ne mafi ƙanƙantar aikinsa. Yana ƙirga takun mutum. Ranar farko ya nuna wa maigidansa cewa daga safe zuwa magariba taku ɗari uku da sha ɗaya ya yi, har da zuwa masallaci, kuma bai kai maganar waje ba. In mutum ya daɗe a zaune, sai ya motsa a hankali, ɓrrr, ɓrrr, kamar mai ladabi yana tayar da babba daga gyangyaɗi. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Babbar baiwarsa kuwa ita ce, in aka ɗaura shi a hannu, sai wata koriyar fitila ta kama a bayansa, ya yi shiru na ɗan lokaci kamar mai nazari, sannan ya ce ɗit, ya fito da lambar bugun zuciyar mutum. Daga nan sunan Dakta ya samo asali.

Ba za a gane girman wannan rashi ba sai an san wanda aka yi wa shi. Shekara talatin da huɗu Ba Abatcha yana sayar da agogo. Bai yi boko ba, bai taɓa riƙe biro don ya san abin da zai shiga kasuwa ba. Hanyarsa ɗaya ce. In sabon kaya ya fito, sai ya sayo guda ɗaya tak, ya ɗaura a hannunsa, ya yi Laraba uku yana zaga kara, kasuwar shanu, da ƙwallayen dabino a aljihun dama. Wanda ya kalla da ido, ba a lissafa shi. Wanda ya tambayi kuɗi ma ba a lissafa shi, don mutumin Potiskum yana tambayar kuɗin abu ne kamar yadda yake tambayar gajiya, gaisuwa ce kawai. Wanda ake lissafawa shi ne wanda ya ce a cire a ɗaura masa, ya tafi, wata Larabar ya dawo ya ce a sake ɗaura masa. Wannan ya riga ya saya, kuɗin ne bai zo ba. Shi ake mayar wa ƙwallo ɗaya aljihun hagu. Ranar Laraba ta uku a zazzage aljihu, a ƙirga, a yi oda.

Da wannan hanya ya gane agogo mai kiran sallah tun kafin a san shi a garin nan. Da ita ya ƙi agogo mai ruwan zinare da ya kwanta wa rabin layi shekara biyu. Shi ya sa ake ce masa Idon Layi. Duk gabanin Sallah, 'yan kasuwa kan zo su tsuguna a bakin shagonsa kafin su tafi Kano saro, maƙwabcinsa Shehu a gaba, su ce, "Ba Abatcha, me ka hango mana bana?" Abin da ya faɗa shi ake sarowa. Ba shi da gidan sama, ba shi da tirela. Wannan sunan shi ne dukiyarsa.

Marigayin ya shiga kara ranar wata Laraba, kuma abin da aka gani ba a taɓa ganin irinsa ba. Malam Yaji, tsohon dillalin shanu da ya daɗe yana kukan ƙirjinsa na lugude, shi ne ya fara miƙa hannu. Da lamba ta fito, sai ya ɗaga murya ya kira abokan sana'arsa. Kafin la'asar, dillalai da mahauta da direbobin tirela da Fulani masu shanu sun yi layi, kowa ya naɗe hannun riga. Laraba ta biyu suka dawo, har da waɗanda suka zo da iyayensu. Laraba ta uku dabinon aljihun dama ya ƙare, sai da aka koma tsintar tsakuwa. Aljihun hagu ya yage. Da aka ƙirga a gida, ɗari da arba'in da uku.

A nan ya wajaba a ambaci Raudatu, 'yar Ba Abatcha ta biyu, mai aiki a shagon magani, don iyalai sun yarda a rubuta gaskiya. Ta kalli tarin ƙwallayen a kan tabarma ta ce, "Baba, a cikinsu mutum nawa ne ya tambayi kuɗinsa?"

Ya ce, "Ko ɗaya. Ke dai ba ki san kasuwa ba. Mai tambayar kuɗi ai mai wucewa ne."

Ta ce, "To Baba, kai ka taɓa zuwa asibiti ka tambaye su nawa za su sayar maka da abin awon jini?"

Ya ce mata ta je ta duba miyar uwarta.

Duk da haka bai yi garaje ba, a shaida. Ya raba lissafin biyu, ya sake ragewa saboda damina da halin ɗan Adam, ya tsaya a kan sittin. Ya sayar da bijimai biyu da yake kiwo a Nangere, ya yi oda. Shehu ya so ya bi sahu, Allah ya taimake shi motarsa ta lalace a wannan makon.

Marigayin ya rasu ya bar ƙanne sittin, dukkansu a kwalayensu, ba wanda ya taɓa buɗe ido sai ɗaya. Wannan ɗayan ya yi tafiya zuwa Gadaka a hannun wani manomi, ya kwana uku ya dawo, saboda wayar mutumin ƙarama ce mai tocila, sun kasa fahimtar juna, kuma kullum yana neman caji kamar jinjiri na neman nono. Aka musanya masa da agogon bango. Marigayin ya kuma bar wayar caji ɗaya, da takardar bayani cikin harsuna shida da ba wanda ke ji a layin, da maigidansa.

Ba a ce jama'a sun guje shi ba. Har ranar da ya cika, bencin shagon bai taɓa zama babu mutum ba. Sukan zo, a gaisa, su naɗe hannun riga, a ɗaura, ya ce ɗit, su ce alhamdu lillahi, su tafi. In Ba Abatcha ya nuna kantar shagon ya ce ga irinsa nan sabo fil, ka tafi da likitanka gida, sai a ce masa, "Haba Ba Abatcha, in kai shi gida in yi me da shi? Ai ga naka nan. Allah ya bar mana kai." A hankali, wata bayan wata, yana zaune yana kallon kwalaye sittin, ya gane abin da aljihunsa bai iya gaya masa ba. Mutum ɗari da arba'in da ukun nan gaskiya suka faɗa, suna son agogon. Guda ɗaya suke so, su duka, kuma a hannun wani.

Rashin lafiyar marigayin ta fara ne daga maɗauri, wanda ya saki saboda yau yana hannun mahauci, gobe yana hannun tsohuwa. Sannan gumi ya shige shi. Wani bawan Allah ya yi alwala da shi, har gwiwar hannu, sau uku. Fuskarsa ta tsage a gefe ranar da wani bijimi ya juyo ba sanarwa. Cikinsa ya soma kumbura, cajin da kan kai shi kwana biyu ya koma daga hantsi zuwa azahar. A watansa na ƙarshe hankalinsa ya fara gushewa: kowa aka ɗaura masa, saba'in da biyu. Mai gudu saba'in da biyu, mai gyangyaɗi saba'in da biyu. Raudatu ta ɗaura shi a kan karan rake a gaban mahaifinta, ya yi nazarinsa, ya ce ɗit, saba'in da biyu. Ta tsaya a bakin shago tana roƙon mutane su je asibiti a duba su da gaske. Suka ce can akwai yankan kati da jiran layi, Dakta kuwa bai taɓa haɗe wa kowa rai ba.

Ranar Laraba, bayan an idar da azahar, Malam Yaji ya zo kamar kullum. Aka ɗaura masa. Koriyar fitilar ta kama, ta yi rawa, marigayin ya yi ɓrrr sau ɗaya mai tsawo, irin wanda ba a taɓa ji ya yi ba, fuskarsa ta yi duhu. Malam Yaji ya shafa, ya sake shafawa. Ya ɗago ido a hankali ya ce, "Ba Abatcha, ni ne ko shi ne?"

"Shi ne, Malam Yaji."

"Alhamdu lillahi. Af, wato, Allah ya ba ka haƙuri."

An garzaya da shi wurin Aliyu mai gyaran waya. Ya buɗe, ya hura, ya ɗana masa wayoyi, ya girgiza kai. Ya ce, "Baba, irin wannan ba a gyara shi, sauyawa ake. Ba ka san inda ake sayar da su ba?" Iyalai sun yafe masa, don baƙo ne a layin.

Suna kuma godiya ga duk waɗanda suka zo gaisuwa cikin kwanakin nan. Shehu ya zo, ya daɗe a tsugune, har ya yi tambayar da ya saba, ya ce, "Ba Abatcha, fankar nan mai sola fa, me ka hango?" Zuciyar tsohon ta ɗan yi sanyi, ya gyara zama ya ce za ta tafi ƙwarai, a saro da yawa. Shehu ya yi godiya. Bai kai bakin layi ba aka ji shi a waya yana cewa a dakatar da odar fanka. Ban da shi, bana ba wanda ya zo tambaya, ga Sallah saura mako uku.

Ba Abatcha ya rantse a gaban iyalinsa cewa ba zai sake buɗe kwali ko ɗaya ba sai ga mai saye. Rantsuwar ta kwana biyu. Ranar Juma'a Malam Yaji ya zo ta'aziyya, ya zauna a ƙarshen benci, hannunsa ɗaya a kan ƙirji, ɗayan kuma ya riga ya naɗe rigar har gwiwar hannu, shi kansa bai san ya naɗe ba. Ba Abatcha ya dube shi, ya dubi kanta, ya dubi Raudatu. Ta kawar da kai. Sai ya miƙe ya ɗauko kwalin da ke sama. Ya ce zai yi kaffara. Raudatu ta sa sharaɗin cewa ran Litinin ita da kanta za ta kai Malam Yaji asibiti, tsohon dillalin ya ce ya ji, amma a fara ɗaura masa tukuna. Saboda haka a gyara lissafin da ke sama: ƙannen marigayin yanzu hamsin da tara ne. In kowanne ya yi wata biyar irin na yayansa, garin nan ba zai rasa likita ba har shekara ashirin da huɗu, mai shago ne dai ba a sani ba.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe sallah, kuma a daina tambayarsa. Don haka za a sa marigayin a gwangwanin madara ranar Talata da hantsi, a shagon Ba Abatcha, a ɗora a saman kanta inda ƙannensa za su riƙa ganinsa. Za a haɗa shi da ƙwallayen dabino da tsakuwa ɗari da arba'in da uku, maigidan ya ce ba shi da sauran amfani da su. Ba zaman makoki, ba a kawo abinci. Mai neman shawarar kayan Sallah kada ya wahalar da ƙafarsa.

Awo zai ci gaba ranar Laraba bayan azahar, kyauta kamar yadda aka saba. A bi layi, kuma a cire kafin alwala. Roƙo ɗaya iyalai suke yi ga jama'a: wanda aka ɗaura masa, in an gama, kafin ya sauke hannun rigarsa, don Allah ya tambayi kuɗinsa. Ko da ba zai saya ba.

Sanarwa daga Alhaji Abatcha Mai Agogo, Yerimaram, Potiskum, a madadin iyalai.