Gilashi Huɗu a Garkar Alhaji Mani

Shekarar da na sawo gilasai huɗu na ɗaurawa a bakin kyamara a Sakkwato, na ɗauka babu mai hoto kamata a Konni. Ɗaya baƙi ne, in ka murza shi sama ta ƙara shuɗi, ƙyallin ruwa ya gushe.

Alhaji Mani na Badaguishiri ya kira ni in ɗauki iyalinsa a garkar albasa, don ƙanensa zai koma Abijan washegari. Maza sunka tsaya dama, mata hagu, rijiya a tsakiya. Na ɗaura baƙin gilashin na leƙa. Gizagizai na tafiya a hankali kamar auduga, ganye kore shar, har na manta da mutane. Na ce in ɗaya ya yi haka, ina ga huɗu? Na jera su duka.

"Mai hoto, rana na cinmu," in ji Alhaji.

"Haƙuri, Alhaji. Wanga hoto jikokinka ma sai sun yi faɗa kansa."

Da anka wanko hoton, gefe duk baƙi ƙirin, kamar an leƙa ta bakin tulu. Duhu ya haɗiye maza da mata. A tsakiya, fes, ga jakin wani yana shan ruwa.

Alhaji ya juya hoton sau biyu. "To, mu ina muke?"

Har yau in na sauka tashar Badaguishiri, masu amalanke kan tare ni: "Mai hoto, ga nawa jakin, jiya anka yi mai wanka."