Ido Ɗaya a Rami, Ƙafa Ɗaya a Kogi

Jama'a, in kun ji rubutun nan yana warin taɓo, ku yi haƙuri, shekaranjiya na faɗa kogi. Ba wanka na je yi ba, aikin gwamnati na je.

Kun san ni, Darmo mai hoto. Na daɗe ina ɗaukar bukukuwan manya da wayata, har ran da Pak Sakatare, wato Malam Sakatare na ofishin yankinmu, ya ce bai dace a riƙa nuna wa shugaban yankin, Mai Girma Sarkin Almakashin buɗe ayyuka, waya kamar ana tallan takalmi a intanet ba. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na lallashi matata, muka sayar da akuyarta, na sayo kyamarar nan baƙa mai dogon hanci, irin wadda ake kafa ido a raminta. Mai shagon ya ce ta masu koyo ce. Na ce masa ni da na aurar da rabin garin nan a hoto ne mai koyo? Ya yi dariya kawai ya ba ni jakarta.

Aikinta na farko shi ne bikin buɗe gadar garinmu. Gada ce mai kyau, wallahi, an shafa mata fenti har da furanni a baki. Aibinta ɗaya ne: a tsakiyar kogi ta ƙare. Daga can sai ƙarafa tsirara suna nuna ɗaya gaɓar, kamar masu cewa ga hanya nan, Allah ya kiyaye.

Ran bikin da safe a layin man fetur na haɗu da maƙwabciyata Bu Warsiti, wato Malama Warsiti, mai kai tempe, wainar nan ta waken soya, kasuwar tsallake a jirgin gora. Muna tura baburanmu taku-taku ta ce, "Mas Darmo, na ji ka zama ɗan jarida."

"Allah ya yi, Bu."

"To ka ji. Ofishin sama ba sa zuwa gani, hoto suke kallo. In hoto ya ce gada ta ƙare, ta ƙare ke nan, mu da gora sai kabari. Don Allah ka ɗauko ramin nan na ƙarshen gadar."

Na bugi ƙirji na ce ta bar min. Wannan ba waya ba ce da ke goge ƙuraje, wannan ko gashin hanci ba ta rufa wa asiri.

An yi biki na gani na faɗa. Man da muka rasa a layi ashe yana cikin motocin tawaga, ga su nan jere suna huci. An yanka kan tumpeng, tulin shinkafar nan mai launin ɗorawa, aka miƙa wa Mai Girma, ya yi jawabi cewa daga yau nesa ta zo kusa. Sai Pak Sakatare, wanda ba yaro ba ne, ya jera manya a kan gadar, bayansu ga gari, ni kuma ya tsayar da ni bayana ga ramin. Kowa ya ɗaga babban yatsa.

Ga inda ƙauyanci ya kama ni. Da waya, idanunka biyu a buɗe suke, kana ganin duniya. Wannan kuwa sai ka rufe ido ɗaya, ka cusa ɗayan a rami. Na leƙa, na ga cikin Mai Girma kaɗai ya cinye rabin hoton. Na manta sam ana murza hancin nan a faɗaɗa, sai na fara ja da baya.

"Ƙara baya, Mas, ban shiga ba!" in ji wani ƙaramin babba daga gefe.

Na ƙara. Shi ma na kusa da shi ya ce hularsa ta fita. Na ƙara. Daga nan ban sake jin ƙasa ba.

Allah ya so ni, ruwan iya ƙirji ne, hannuna kuma a sama. Yatsana ya maƙale a maɓalli, kyamara tana ta tas-tas-tas. Da na duba daga baya, sai da na yi hawaye don daɗi. Ga ƙarshen gada a gutsure, ga ƙarafa, ga manya sun jeru a baki suna leƙo ni. Gani ya kori ji! Na ce Bu Warsiti, kakarki ta yanke saƙa.

Pak Sakatare ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo. Na shirya jin zagi. Sai ya ce, "Mas Darmo, kai gwani ne. Sabuwar kyamara ta yi rana."

Yau da safe na fito, ga ƙaton fosta a mararraba. An yanke ƙarafan, an yanke ramin, an bar fuskokin manya sun sunkuyo, sararin samaniya shuɗi a bayansu. A ƙasa an rubuta: GADA TA KAMMALA. SHUGABANNI MASU DUBA NA ƘASA. Bu Warsiti ta wuce ni da kwandon tempe a hanyarta ta zuwa jirgin gora, na gaishe ta, ko kallona ba ta yi ba. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Amma kada wani ya ce sun yi ƙarya, ni shaida ne. Ina ƙasa, kuma sun duba ni sosai. Hannu ne dai ba wanda ya miƙo, don kowa babban yatsansa yana kan aiki.