Ranar da Na Tashi Baba daga Barci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa kaina tonon silili ba, a gaban mutumin da ni na ɗauko shi a babur ɗina don ya zama shaida.

Ni ne babba a gidanmu a Toranke, ni ke zaune da Baba. Ƙanena Sani ya yi gininsa can bakin gari. Da na sayi injin niƙa, sai na kafa shi a jikin katangar gida (bangon ɗakin Baba ke nan, amma ina na lura?). Mata na fara kawo dawa tun an idar da Asuba, in kuwa ana biki a gari sai injin ya kai dare yana ruri.

Sai Baba ya tsiro da sabon hali. Kullum in ya yi Azahar ya ɗau sandarsa sai gidan Sani, ba ya dawowa sai gab da Magariba. Wallahi abin ya tsaya min a wuya. Ni ke ci da shi, ni ke sayo maganin hawan jininsa, amma hira sai da ɗan lele? Na tambaye shi, ya ce ba komai. Nan na kitsa wa raina cewa gonar Baba ta fadama ake shirin miƙa wa Sani a ɓoye.

Na je na ɗauko Baffa Idi, ƙanen Baba, wai ya zo ya gani da idonsa. Na faɗa gidan Sani ko sallamar kirki ban yi ba, ina ɗaga murya cewa yau sai an gaya min abin da ake ƙullawa.

Gidan tsit. An ɗaure awaki a waje, an kora yara maƙwabta. Ga Baba kan tabarma a gindin mangwaro, baki buɗe, yana sharar barci. Ya zabura, ya dafe ƙirji, ya dube ni.

“Har nan ma ka biyo ni? Can injinka, nan bakinka?”

Sani ne ya yi wa Baffa bayani, ni ko kallona bai yi ba. Ashe ya kai Baba asibiti a Gaya, likita ya ce zuciyarsa ta fara gazawa, kuma in tsoho ba ya samun barci, magani kaɗai ba zai riƙe ta ba. Baba ya hana a gaya min, wai da injin nake ci da iyalina. Baffa ya ce in mai da shi inda na ɗauko shi. Haka na goya shi a babur na mai da shi gida.

A satin na kwashe injin zuwa bakin kasuwa. Yanzu Baba a ɗakinsa yake barci (in ya farka kuma Sani yake fara tambaya, har yau abin na sosa min rai). Amma na koyi darasi: kafin ka tsargi inda tsoho yake zuwa, fara duba abin da ke korar sa daga gidanka.