Rasuwar Tayar Baya ta Hagu

Da zuciya mai nauyi da baƙin cikin da bai gama sakina ba, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan tuƙi rasuwar tayar baya ta hagu ta jar motata mai ƙofa biyu, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara huɗu da wata bakwai a bakin aiki.

Marigayiya ba tsintarta na yi ba. Mako uku ina zaryar shagunan taya kafin in same ta, ina karanta lambobin gefe, ina duba shekarar da aka ƙera kowacce. Mai shagon ya so ya haɗa ni da wata mai tauri, ya ce za ta fi daɗewa. Na ce masa motar da cikinta ke kusa da ƙasa, kuma ƙarfinta duk a baya yake, mai faɗi take so, mai taushin roba. Haka na ɗauko ta tare da 'yar uwarta.

Ta kasance mai riƙon amana. Ba ta taɓa sulɓewa a kwana ba, ko ana ruwa. Ba ta da surutu, sai wani siririn "fiii" da take yi in na shiga shataletale da zafi, abin da maiɗakina ke kira rashin kunya, ni kuma nake kira gaisuwa.

Game da jinyarta, dole in faɗi gaskiya ko da za ta tona ni. Adadin iskar da take buƙata yana nan a rubuce jikin ƙofar direba, kullum ina wuce shi. Maiɗakina ta saya mini ma'aunin iska, ya shekara biyu a ledarsa. Ni awona shi ne in shure ta da ƙafa, in ta ce "dum" in ce lafiya lau. Mai facin bakin titinmu ya sha gaya mini cewa irin waɗannan tayoyi masu gajeren gefe ba sa nuna yunwa a fuska, kuma da safe ake auna su kafin su ɗau zafi. Ya nuna mini gefunanta biyu da suka cinye suka bar tsakiya. Na ce masa gobe. Ashe baiwar Allah wata da watanni tana tafiya da ƙarancin iska, ba ta taɓa kai ƙarata ba.

Ranar da abin ya faru, 'yata ta haihu, na ɗauki mahaifiyata za mu asibiti ta ga tattaɓa-kunnenta na fari. Inna ta haura tamanin, kuma duk gidanmu ita kaɗai ba ta taɓa cewa in rage gudu ba. Muna hawa babban titi ta gyara zama ta ce, "Ɗan nan, taka mana, kada yaron ya yi gemu kafin mu isa."

Na taka. A doguwar kwanar da ke kafin gada na ji "faf, faf, faf", bayan motar ya soma lilo, gefenmu kuma rami ne mai zurfi. Na cire ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari da hannu biyu. Marigayiya ba ta tarwatse ba. Ta yi ta jan jiki tana ƙauri, har ta kai mu gefen hanya, sannan ta kwanta. Na juya in ga halin da Inna take ciki, na tarar tana tambaya ko mun iso ne. A tasi muka ƙarasa.

Ta rasu ta bar 'yar uwarta ta dama, wadda mai faci ya ce dole ta yi ritaya, domin tayoyin baya tare ake canza su. Ta bar ƙanne biyu a gaba, da wata 'yar siririyar safaya a but, wadda sai a ranar ta fara ganin rana.

Na nemi a ajiye gawar a falo, maiɗakina ta ƙi. Saboda haka za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a bayan gida, kusa da famfo, inda za a kwantar da ita, a cika ta da ƙasa, a shuka fure. Mai faci ne zai jagoranta, kuma ya yi alkawarin ba zai ce ai ya faɗa ba. Duk mai zuwa ta'aziyya ya zo da motarsa, za a auna masa iska kyauta a ƙofar gida.

Inna ce za ta karɓi gaisuwa. Amma ta ce a tashi da wuri, domin da azahar za a ɗaura sababbi, kuma tana so a koma a ƙarasa mata waccan kwanar.