Yadda Ake Sanyaya Kwamfutar Madam Daga Ƙarƙashin Tebur

Idan kwamfutar gidanku ta koyi ɗaukar zafi, ta yi ta huci kamar wadda aka biyo da gudu, sannan ta ƙame ƙam, kibiyar nan ta kan allonta ta ƙi motsi, to ka iso inda ya dace. Ni ne injiniyan gidanmu. Na samu muƙamin tun ranar da na daki bayan talabijin hoto ya dawo. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci kwamfuta za ta yi aiki. Batun mutuncinka kuma, za mu zo kansa.

A gidanmu abin ya faru ne ana gab da jarrabawar ƙarin girma ta maiɗakina, ma'aikaciyar jinya, wadda za ta rubuta ta intanet. In kwamfuta ta tsaya a tsakiya, sai baɗi.

1. Ka ce netwok ne

Kada ka taɓa kwamfutar tukuna. Ka leƙa taga, ka girgiza kai, ka ce yau netwok ba ya da kirki. Idan madam ta ce ai ko intanet ɗin ba ta kunna ba, ka ce shi ya sa.

2. Nemi wanda ba ya nan

Ƙanin madam ya fi dacewa. Ka ce tun zuwan da ya yi ya kalli ƙwallo a kwamfutar ya zuba mata cutar bairos. Ba zai iya kare kansa ba, kuma dama kana cike da shi.

3. Ka karrama ta

Masana sun ce ƙura ce babbar abokiyar gabar kwamfuta. Masanan nan ni ne. Saboda haka ka samo salatif ka liƙe duk wata ƙofar iska da ke gefenta da ƙasanta, kada ƙura ta samu hanya. Ka sa tela ya ɗinka mata riga mai soso a ciki. Ka ɗora ta a kan matashin kai mai laushi, don tebur ya yi tauri ga abu mai tsada. Idan hucin ya ƙaru, ka shaida wa iyali cewa ƙarfi take ƙarawa.

4. Firij

Da ta fara ƙona cinya, ka ɗauke ta ka nufi kicin da fuskar likita. A nan madam za ta tare ƙofa, ta tambaye ka ko ka taɓa ganin an kwantar da mai zazzaɓi a gefen kifi. Kada ka yi gardama. Ka ce gwada ta kake yi.

5. Ka bari a tuɓe ta

Da safen jarrabawa madam za ta cire rigar, ta jefar da matashin, ta juya kwamfutar ta ga salatif. Sannan ta ce, "Baban yara, majinyaci yana neman numfashi, kai kuma ka toshe masa hanci ka rufa masa bargo?"

Ka ce dama yanzu kake shirin ɓarewa. Ku ɓare tare, ku hure ƙurar da ta riga salatif shiga, ku rufe shafukan nan na labaran ƙwallo da, in ka duba da kyau, ba ƙaninta ne ya buɗe ba. A nan za ka lura fankar cikin kwamfutar ta daina juyawa. Ta gaji da kai. Babu lokacin zuwa wurin mai gyara, fankar ɗaki kuma tana kwance a gutsuttsure tun gyaran da ka yi mata.

6. Shiga ƙasa

Ku haɗa tebura biyu, ku bar tazara a tsakani, ku gitta ragar tanda, ku ɗora kwamfutar a kai. Dokar jarrabawar ta ce kyamara ba za ta ga kowa ba sai mai rubutu, ba za ta ji motsin kowa ba. Don haka wurinka ƙarƙashin tebur ne, kai da tumbinka da murfin bokiti. Ka yi ta fifita. Ba tari, ba atishawa, ba shawara. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya. Idan hannunka ya yi sanyi, ƙafar madam za ta tuna maka aikinka.

7. Karɓi yabo

Da madam ta danna maɓallin ƙarshe ta sauke ajiyar zuciya, kwamfuta ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, kada ka yi hanzarin fitowa. Ƙugunka ma ba zai yarda ba. Ranar da sakamako ya fito ta ci, ka faɗa wa dangi cewa kai ka ɗauke ta daga ƙasa. Ba ƙarya ka yi ba. Da na tambayi tawa ko yanzu ta yarda da ilimina, sai ta ce tabbas, a tsawon aurenmu ba ta taɓa ganin na yi gyaran da ya yi aiki haka ba, kuma sirrin shi ne bakina a rufe yake.

Gargaɗi: marubucin ba shi da alhakin ciwon baya, narkewar salatif, ko fushin ƙanin matar kowa. Mai ƙorafi ya same ni a gida. Yanzu haka firij ɗinmu ya fara wani ƙara, kuma an hana ni shiga kicin.