Wata Bakwai Ina Zance a Gude

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Gude ba. Lokacin ina ɗinki a Gwarzo, kuma na haddace littattafan soyayyar ƙanwata kaf (har yau tana zargin maƙwabta ne suka kwashe mata su). Su suka koya mini cewa in budurwa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, to so ya gama da ita.

Rabi kuwa, budurwar da nake zuwa zance wurinta a Gude, gwanar sunkuyar da kai ce. Duk Juma'a bayan la'asar sai in hau babur in tafi gidansu. Ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ni kuma in yi ta zuba: "Ke ce hasken idona, ke ce sanyin zuciyata." Ta ce, "To Malam, an gode." Mahaifinta in ya zo wucewa ya ce, "Malam tela, ya mutanen Gwarzo?" Wata bakwai ana haka. Ni har na zaɓi launin labulen ɗakinmu.

Ranar na iso da atamfar da na ɗinka mata, na tarar da dattawa cike da ƙofar gida. Aka matsa mini wuri, aka miƙo goro da alawa. Na cika baki, na zuba saura a aljihu, na ɗaga murya: "Allah ya sanya alheri! Wa aka sa wa rana?"

Wani ya shiga gyaran hula, wani ya ɗaga kai yana neman hadari a tsakiyar rani. Sai kakarta, Inna Delu, ta leƙo daga zaure.

"Rabi mana! Da ɗan kawunta na Durun, tun bara suka daidaita. Kai dai sai ni, in ka shirya."

Alawa a kumatu na ce, "Amma Inna, ba wanda ya gaya mini."

"Wa zai kori baƙo a gidan mutunci? Kawaici aka yi maka, ɗan nan. Daga kawar da kai aka samo shi: ka ga abu, ka kau da kai don kada ran wani ya ɓaci. Sau nawa ta raka ka bakin babur? Wa ya taɓa ce maka ka turo iyayenka? Mu mun kau da kai, kai kuma ka ƙi buɗe ido."

Na miƙe, na manta takalmi ɗaya, sai da na dawo na ɗauka a gaban kowa.

Bayan mako biyu angon da kansa ya kawo mini ɗinkin shaddar ɗaurin aure, wai don kada zumunci ya yanke. Na ɗinka. Wuyan ya matse shi sosai (wallahi almakashi ne ya zame), amma sai ya kau da kai, shi ma jininsu ne.

Yanzu in budurwa ta ce mini "an gode" sau uku a jere, ba na buɗe littafi. Kakarta nake nema.