Wayar Shanyar Mushe Bulus

A shekarun da kowa a Tawa ya manna kunne ga rediyo don jin siyasa, ni na rantse sai na gama da ƙugin tasha. Na ɗaura eriya huɗu a kan guntun ƙarfe guda, na yi ta sauya musu zama ina zaɓen wanda ya fi, har na cunkushe su kamar fasinjan motar Bambeye. Na kira 'yan unguwa, na kunna, sai ƙugin ya ninka.

Ni dai lissafina ba ya kuskure, ke nan akwai ɓarawo. Na sa wa maƙwabcina Mushe Bulus ido (malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe da Faransanci), har na hango wata waya a tsakar gidansa.

"Mushe, wayar nan ce ke janye mini tasha."

"Ta shanya ce fa," in ji shi, amma ya kwance ta.

Ba abin da ya sake sai ranar da hadari ya karya eriya biyu, murya ta fito tangaran. Ashe junansu suke dannewa.

Har yau in matarsa ta ɗauko wanki sai ta leƙo: "Injiniya, in shanya, ko kana jin labarai?"